Gwanayen Farautar Araha a Tasawa da Mayahi

A Tasawa da Mayahi akwai wasu samari da kowa ya san da zamansu, ko da yake babu wani allo da ke faɗin wannan sana'a tasu. Wani mai gyaran salula ne a bakin kasuwa, wani malamin lakwal ne, wani kuma mai cajin waya ne da pano biyu a kan rumfa. In mutum yana son sabuwar waya, ko batirin sola, ko kyamarar da za ta yi masa gadin shago da dare, wurinsu yake zuwa. Sai su ce a ba su kwanaki, su duƙufa a kan wayarsu. Can sai ka ga kaya sun iso, masu nagarta, kuma kuɗin bai kai na kanti ba. Mutane kan ce sa'a ce. Ba sa'a ba ce, lissafi ne da haƙuri da sanin gida.

Ai wannan ƙasa ba baƙuwar fatauci ba ce. Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maradi da Damagaram, kuma Katsina da Kano ba su da nisa. Kakanni sun yi safarar goro da tufafi da fatu, alhazan Maradi suka yi suna da gyaɗa da kayan Najeriya. Abin da ya sauya shi ne kasuwar ta shigo cikin aljihu. Yau mai zaune a Kanembakashe ko Urafan, in dai akwai rezo da ɗan mega, zai iya leƙa hajar ƴan kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ta WhatsApp da Facebook, ya wuce Jumia da Jiji, ya ƙarasa AliExpress da Alibaba na ƙasar Sin, bai tashi daga tabarmarsa ba.

Abu na farko da gwani ya sani shi ne farashin da ke kan fuskar waya ba shi ne farashin kaya ba. Farashin gaskiya shi ne abin da aka kashe kafin kaya su sauka a tashar Tasawa. Manyan kantunan intanet na Najeriya ba sa kawo wa mutum kaya har ƙofar gida a Mayahi. Sai an ba su adireshin wani amintacce a Kano ko Katsina. Daga nan akwai ladan wanda ya karɓa, akwai kuɗin direba, akwai na duwan a iyaka, akwai na aika kuɗin kansa ta Nita ko Amana ko Al Izza. In daga Sin ne, masu kargo na Guangzhou kilo suke awo. A ce ka ga kyamara a jika goma sha biyu, alhali a Maradi jika ashirin ake sayar da ita. Mai gaggawa zai ce ya tsinci jika takwas. Gwani zai ɗauki alƙalami ya tara komi, in ya ga ta tashi a jika goma sha takwas, sai ya ce a je Maradi a saya, don jika biyu ba su kai darajar ganin kaya da ido da samun wurin mayarwa in sun ƙi aiki ba. Rabin gwanintar ke nan: sanin lokacin da araha ba araha ba ce.

Cikin wannan lissafi, canji ne ya fi komi nauyi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da ƴan kai, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta zamewa, daga kusan 460 a kan dalar Amurka ɗaya har ta haura 1,500 a farkon 2024. A irin wannan lokaci mai sefa a hannu yakan sami kayan Kano da sauƙi, musamman tsohuwar haja da ɗan kasuwa bai riga ya sauya mata farashi ba. Amma wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe, domin wayoyin da dala aka shigo da su. Shi ya sa gwani kan fara tambayar ƴan canji nawa jika take yau, kafin ya tambayi mai waya nawa waya take.

Sai sanin lokaci. Duniya tana da ranakun karya farashi. Akwai 11 ga Nuwamba, wadda kamfanin Alibaba ya mai da ranar ciniki tun 2009, akwai kuma rangwamen ƙarshen Nuwamba da ya samo asali daga Amurka, wanda Jumia kan shafe makonni tana yi. Allah da ikonsa, lokacin ya zo daidai da kaka, sa'ar da aka sayar da wake da riɗi da gyaɗa kuma kuɗi suka shigo hannun manomi. Sai dai gwani ba ya jiran ranar ta zo kafin ya buɗe ido. Tun daga Satumba yake ɗaukar hoton farashin abin da yake so yana ajiyewa, saboda akwai masu sayarwa da kan ɗaga kuɗi a asirce, sannan su rubuta cewa sun rage rabi. Wanda ya riƙe tsohon farashi ba ya faɗawa wannan tarko. Haka nan ya san Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, kan fitar da sabon samfuri akai-akai, kuma da zarar sabo ya fito na bara yakan sauko, alhali aikinsu kusan ɗaya ne. Ya san kuma kada ya yi odar gaggawa a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da masana'antun Sin ke rufewa don bikin sabuwar shekararsu.

Inda na fi jinjina musu shi ne wajen karanta lambobi. Hoto kowa na iya ƙawata shi, amma lamba tana tona asiri ga wanda ya iya tambayarta. In an ce pano wat 100 ne, gwani zai nemi hoton takardar da ke manne a bayansa, ya ninka bolt da amfiya: bolt 18 sau amfiya 5.5 ya ba da kusan wat 100. In lissafin bai kai ba, an yi ƙari. In an ce batirin aljihu na cajin waya yana da ƙarfin 20,000, ya san wayarsa ba za ta sha duka ba, domin wani kaso yana salwanta wajen juya wutar. Kuma in ya ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000, sai ya wuce abinsa. In waya ce, zai sa mai sayarwa ya kira shi ta bidiyo, ya danna *#06# a gabansa, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15 ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali. Da wannan ake raba sabuwa da wadda aka sake wa riga. Ba ya yarda da cinikin biri a sama.

Bayan lamba sai sanin gida, wanda babu wani kantin intanet da zai koya wa mutum. Wutar NIGELEC ta wannan yanki daga Katsina take zuwa ta layin Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Ƙauyuka da yawa ma igiyar ba ta kai su ba. Don haka kayan zamani na gida da ake talla, irin ƙwan fitilar da ake kunnawa da murya ko makullin ƙofa mai aiki da waya, mafi yawansu an ƙera su ne don gidan da wuta da intanet ba sa yankewa. Gwani zai ce maka ka bar su ko da kyauta ne. Zai nemo maka kyamara mai ɗaukar sim da ɗan panonta, wadda za ta yi aiki da Airtel ko Moov ko Zamani. Ƙwan fitila mai batir a ciki. Fanka da talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batirin sola. Zai duba bakin filogi, domin na Najeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, namu kuwa mai zagaye ne irin na Faransa. Zai guji kayan da aka yi wa kasuwar Amurka masu bolt 110, da wayar da aka yi don cikin gidan Sin wadda ba ta zuwa da manhajojin Google. Zai yi tunanin ƙurar hunturu da zafin bazara kafin ya zaɓi inbata.

Daga ƙarshe akwai amana, wadda ita ce jarin wannan aiki. Gwani ba ya tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda bai sani ba. Yakan fara da ƙaramin abu, caja ko abin sauraro na kunne, ya ga cika alkawari. Yakan karanta ƙorafin waɗanda suka saya kafin yabonsu. Yana da direbansa na hanyar Jibiya da Ɗan Isa, yana da ɗan'uwa a Kano da zai buɗe kwali ya kunna kaya kafin a ɗora a mota. Sau da yawa yakan haɗa odar mutum biyar ko shida a kwali ɗaya don kuɗin kargo ya rabu. Kuma in kaya suka zo da matsala, shi ne zai tsaya gaban mai kuɗi, don haka ba ya wasa da sunansa.

Mai son koyon wannan sana'a ba ya buƙatar jari mai yawa. Ya samu littafi ya riƙa rubuta farashi da canjin kowane mako, ya koyi ninka bolt da amfiya, ya zauna kusa da mai gyaran waya ya ji irin kayan da suka fi dawowa da lalacewa. Kai kuma mai saye, in ka samu irin wannan gwani a garinku, ka biya shi ladansa da daɗin rai, ka kuma saurare shi ranar da ya ce kada ka saya. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne.