Wuƙar Gaya da Sawun Uwar Shaihu Umar

Na tashi a Gaya, inda muke alfahari da cewa maƙeran garinmu ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Baƙo ne, ba dangin iya ba na baba, amma aka ɗaura masa makami, daga ƙarshe ya auri sarauniya. Da wannan labari a kunnena na karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933 wadda Rupert East ya shirya. Sai na tambayi kaina: in mace ce ta yi baƙunta, me adabinmu yake ba ta?

Littafin sunan ɗa yake ɗauke da shi, amma a ganina tafiyar ta uwa ce. Umar bai zaɓi hanya ba. Sato shi aka yi yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya kai shi ƙasar Masar, ya ba shi ilimi. Uwar kuwa da kanta ta ɗaura niyya, ta fita neman ɗanta ba miji ba muharrami. Abin da ta samu shi ne yaudara da bauta, daga Kano zuwa Murzuk har Tarabulus, inda ta ga ɗan nata, ba da jimawa ba ta cika. Hamada ɗaya suka ƙetare: shi ya fito shaihi, ita ta ƙare baiwa.

Dole a yaba wa marubucin a nan. Bai ɗora laifin halakarta a kan rairayi ko ƙishirwa ba, a kan mutum ya ɗora shi, mutumin da ya zo mata da fuskar taimako. Mace mai tafiya ita kaɗai ta san cewa wani lokaci ɗan rakiya ya fi daji haɗari.

Inda nake da ja shi ne bakin da ya ba da labarin. Umar ne ke zaune gaban almajiransa yana faɗa, don haka wahalar uwar ta zama babi a tarihin ɗaukakarsa. Me ta gani a kasuwannin da ba ta jin harshensu? Wace dabara ta raya ta? Littafin bai damu ba. A 1944 Abubakar Imam ya kira labarin zuwansa Ingila Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ita wannan matafiya ba a bar mata mabuɗin komai ba.

Wannan giɓi bai tsaya a takarda ba. Ina da gwaggo a wani ƙauye na Ajingi wadda ta yi shekaru tana aikatau a Saudiyya ita kaɗai, ta dawo ta gina ɗaki, ta aurar da 'ya'ya. Kowa na da abin faɗa a kanta, amma ban taɓa jin wanda ya zaunar da ita ya ce, "Gwaggo, yaya kika yi?" ba. Ni ma sai da na rufe Shaihu Umar na ji kunyar rashin tambayar. Ɓalewa ya kai matafiyar har Tarabulus. Sauran aiki na marubutan yau shi ne su miƙa mata bakin magana.