3.4 Kalmar "Bunch" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

A asali, Bature yana amfani da kalmar "bunch" ne ga abubuwa iri ɗaya da suka tsiro tare ko aka ɗaure su wuri guda, kamar ayaba da inabi da furanni da makullai. Kuskuren da masu fassara suka fi yi shi ne su riƙe kalmar "dami" su yi ta liƙa ta ko'ina. Bahaushe kuwa ya rarrabe. Gero da dawa da itace su ake yi wa dami, amma ayaba da dabino nono ake cewa. Wanda ya rubuta "damin ayaba" bai saurari 'yan kasuwa ba.

Matsalar ta fi tsanani idan kalmar ta koma kan mutane. "A nice bunch" yabo ne, wato mutanen kirki, alhali "a bunch of thieves" zagi ne tsagwaronsa. A ra'ayin mai wannan bincike, "gungun ɓarayi" ya fi dacewa a nan, domin "taro" ba ta ɗauke da wannan raini. Haka kuma "the best of a bad bunch" ba gwani ake nufi ba, wanda ya fi dama-dama ne a cikin marasa kyau.

Sai kuma "thanks a bunch", wadda sau da yawa gatse ce. In aka mayar da ita "na gode ƙwarai", an juya ma'anar gaba ɗaya, sai mai karatu ya ɗauka an ji daɗi alhali an ɓata rai ne.