Jinjina ga Masu Rainon Karen Azawak

A kwarin Azawak, daga arewacin Tawa a Nijar har zuwa Menaka a Mali, makiyaya Buzaye sun daɗe suna rainon wani kare dogo, siriri, mai zurfin ƙirji da gajeren gashi. Tsayin namijinsa a kafaɗa kan kai santimita 64 zuwa 74, kuma yana kamo zomo da barewa a guje.

Irin nan haƙurin kaka da kakanni ne ya samar da shi. Idan karya ta haihu, makiyayi kan zuba wa 'yan kwikwiyon ido. Ƙafafun sun miƙe? Tafin zai jure zafin rairayi? Sannan ya duba hali: wanda ke natsuwa cikin yara, ba ya firgita awaki, amma yana zabura da jin baƙon sawu cikin dare. Shi ake warewa, a raba masa nono da dawon gero ko da rani ya tsananta.

Ba don wannan kulawa ba, da dila da kura sun gama da 'yan raguna, da barci ya ƙaurace wa zango. Sannunku da aiki, makiyayan Azawak. Allah ya albarkaci garkenku.