Kanikawan da Ke Karanta Hayaƙin Gingimari

Kanikawan manyan motoci, irin na Panteka a Kaduna, sun cancanci jinjina kan yadda suke gano abin da ke hana tsohuwar Mercedes 911 jan kaya a hawa, ba tare da kwamfuta ba. Gwani yakan sa direba ya taka totur, shi kuma ya zuba wa salansa ido: baƙin hayaƙi yana nuna toshewar filtar iska ko lalacewar nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin inji, shuɗi kuwa alama ce ta cewa zoben fistin ya cinye har inji yana ƙona baƙin mai. Idan inji yana ruri amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa, kuma ƙaurinsa kaɗai yakan hutar da mai mota sauke inji a banza.