Tsakanin Ahalari da Aflatun: Sharhi a kan Matsayin Falsafar Yunanawa a Zaurukan Ƙasar Hausa

Manufar wannan takarda ita ce warware wani zato da ya yi kaka-gida a tsakanin manazarta, wai falsafar Yunanawa zallar mulhidanci ce, kuma baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Duka biyun ba su tabbata ba.

Da farko, manyan hukama'un Yunan ba su musanta gaibu ba. Sukuratu, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a Atina a shekarar 399 kafin Miladiyya bisa zargin saɓa wa allolin gari, shi ne Aflatun ya sa ya kafa hujjojin dawwamar ruhi a daidai ranar mutuwarsa. Aristo kuwa ya kai ga Mai Motsarwa na Farko wanda ba a motsa shi. Saboda haka Imam Gazali bai tuhumi mabiyansu, irin su Farabi da Ibn Sina, da inkarin Allah ba. A Tahafutul Falasifa ya kafirta su a mas'aloli uku: daɗaɗɗantakar duniya, da kore wa Allah sanin juz'iyyai, da musun tashin jikkuna. Manɗiƙi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Na biyu, baƙuntar ma ba ta inganta ba. Almajirin zaure, daga birnin Kano har ƙauyukan Watari, da Ahalari yake fara fiƙihu. To, wannan Abdurrahman al-Ahalari shi ne ya waƙe Sullam a ƙarni na 16, bisa tafarkin Isaguji na Abhari, wanda sunansa ma daga littafin Furfuriyus, almajirin Aflutin, aka aro shi. Haka Shaihu Magili, da ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya kare manɗiƙi a gaban sukar Suyuɗi. Daga baya Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), jikan Shehu Usmanu, ya tattauna ra'ayoyin hukama'u a Futuhatur Rabbaniyya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mun riƙe ma'aunin mun bar abin da aka auna. Ana haddace ƙa'idojin ƙiyasi, amma ba a tambayar me Aflatun ya ce game da ruhi, ko me ya sa Gazali ya karɓi wani sashe ya yar da wani. Mai suka ba da karatu ba, da mai yabo ba da tantancewa ba, duk kanwar ja ce. Ya kamata sassan jami'o'inmu su koyar da Sullam tare da Tahafut, domin ɗalibi ya san asalin ma'aunin da iyakarsa.