Natsuwar Mai Algaita: Ilmin Jiki a Kiɗan Kwarin Komadugu

Abin da ke fara kama kunnen mai sauraron algaita, a hawan salla a Diffa ko a bikin aure a garuruwan bakin Komadugu, shi ne sautin da ba ya yankewa. Wasu kan ce baiwa ce, wasu su ce asiri. Wanda ya lura da jikin mabushin kuwa, horo zai gani. Kumatunsa na tara iska suna tura ta cikin algaita, hanci kuma na shaƙo sabuwa a lokaci guda, kamar zuga-zugin maƙeri. Hakan ba ya samuwa sai ƙafafu sun kafu, kafaɗu sun sauka, wuya ya saki, haƙarƙari ya sami wurin buɗewa. Natsuwar makaɗi a gaban taro daga jiki take farawa, kuma ilmi ne da ya cancanci a koyar da shi a fili.

Hujjar tana cikin abin da fargaba ke yi wa mutum. Da tsoro ya shigo, numfashi sai ya gajarce ya tsaya a ƙirji, kafaɗu su ɗago, muƙamuƙi ya ƙame. Mai algaita sai sautinsa ya karye, mai ganga kuma, da ke rataye da ita sa'o'i, hannunsa ya yi nauyi kiɗa ya kuɓuce masa. Wanda ya horu yana gane alamun tun da wuri, ya saki kafaɗa, ya tsawaita fitar numfashi har bugun zuciya ya lafa. F. M. Alexander, ɗan wasan kwaikwayo daga Ostireliya wanda ya rasu a 1955, abin da ya gano ke nan lokacin da muryarsa ke dishewa a dandamali. Ya dubi kansa a madubi, ya ga yana janye kai baya yana danne maƙogwaro. Yau ana koyar da hanyarsa a manyan makarantun kiɗa na Landan da New York.

Za a iya cewa busa gado ce, ɗan gida ba ya buƙatar darasi. Gaskiya ne, amma gadon nan koyo ne da ido: yaro na bin mahaifinsa taro bayan taro har tsayuwar uban ta zama tasa. Tun hare-haren Boko Haram a Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, ƙauyuka da dama na bakin kogi sun watse, tarukan da yaro ke koyo a cikinsu sun ragu. Ilmin da ba a furta shi yana tafiya da mai shi. Biram, garayar Buduma ta tafkin Cadi, ta kusa ɓacewa kafin makaɗi Malam Mamane Barka ya je ya koye ta wurin gwaninta Boukar Tar a 2002 da tallafin UNESCO.

Za a kuma iya cewa wannan kwaikwayon Turawa ne. Ai ba a rasa masana a gida ba. Abin da ake buƙata shi ne tsofaffin mabusa da makaɗan ganga su zauna da matasa, su faɗa musu inda ƙafa ke tsayawa, yadda ake sakin wuya, da lokacin shaƙar iska. Fadojin sarakunan yankin da gidajen al'adu suna da ikon shirya wannan zama tun masu ilmin suna da ƙarfin nunawa da jikinsu.