Gwanin da Ya San Ƙofar da Talla Ke Shigowa

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, duk wanda kwamfutarsa ta yi masa gardama a babban birnin Sudan ya san inda zai nufa. Ko dai Suƙ al-Arabi, kasuwar da ta kewaye babban masallacin Kartum, ko ya haye Farin Nilu zuwa shagunan Omdurman, yadda Bakano kan nufi Farm Centre ko Beirut Road. A can mai gyara sunansa bashmuhandis, ko da takardar jami'a ko babu. Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da na mutanen da suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, su ma haka suke kiransa. Abin da ya sa aikin waɗannan masu gyara ya cancanci a tsaya a duba shi ne irin makarantar da suka fito.

A watan Nuwamban 1997 Shugaban Amurka Bill Clinton ya ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci, kuma takunkumin bai tsaya kan bankuna da kayan gyaran jirage ba, ya kai har ga manhajar kwamfuta. A 2010 SourceForge, babban rumbun manhajojin kyauta, ya rufe ƙofa ga masu shigowa daga Sudan. A 2014 Coursera ta bi sahu. An daɗe mai wayar Android a Kartum ba ya iya shiga shagon Google Play kai tsaye. Sai a Fabrairun 2015 Amurka ta sassauta kan kayan sadarwa, aka ɗage babban takunkumin a Oktoban 2017. Shekara 20 ke nan yaro yana tasowa a sana'ar da maɓallin “sauke” ba ya yi masa aiki. Dole ya koyi nemo fayil ta wata hanya, ya adana a filash, ya ɗora da hannu, in ya ƙi ya buɗe cikinsa ya ga abin da ya hana. Wuya makarantar kare, in ji Bahaushe.

Akwai wani ɗan aiki da ke nuna wannan tarbiyya ƙarara: ɗaukar 'yar manhajar toshe talla da aka ƙera domin burauza, a sa ta yi aiki cikin manhajar karanta imel ta kwamfuta. Wadda aka fi yin haka da ita ita ce Thunderbird, 'yar gidan Mozilla, wadda cikakken zubinta na farko ya fito a Disamban 2004. Kyauta ce, kuma tana sauke wasiƙu ta ajiye su a cikin kwamfuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da aka katse intanet ɗin waya daga 3 ga Yunin 2019 har fiye da wata guda, aka sake katsewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Mai buɗe imel a burauza, in layi ya ɗauke ya rasa komai. Mai Thunderbird kuwa tsofaffin takardunsa na nan, yana iya rubuta amsa ya jera, su tashi da zarar layi ya dawo.

Dalilin da ya sa dasa manhajar toshe tallar yake yiwuwa shi ne Thunderbird da burauzar Firefox inji ɗaya ke jan su, sunansa Gecko. Wasiƙar imel ta zamani shafin intanet ce a ƙunshe, da launi da hotuna da mahaɗai, don haka sai da injin burauza ake iya nuna ta.

Ita 'yar manhajar toshe talla aikinta na mai gadin ƙofa ne da ke riƙe da jerin sunaye. Duk shafin da aka buɗe yana aika buƙatu barkatai zuwa wurare daban-daban: kawo hoto daga nan, kawo rubutun umarni daga can. Kafin buƙata ta fita sai a duba adireshinta a jerin. In na dillalan talla ne, a nan za ta tsaya, ba ta ci ko ƙwayar data ba. Mafi shaharar jerin shi ne EasyList, wanda Rick Petnel ya fara, masu sa kai kuma suke kula da shi har yau, tare da ɗan'uwansa EasyPrivacy mai farautar masu bin sawu. Ƙa'idar da ta fara da sanduna biyu a tsaye tana nufin a toshe duk abin da ya fito daga adireshin da ke biye da su. Wadda ke ɗauke da alamar ## kuwa ɓoye gurbin tallar take yi a jikin shafi, don kada a bar rami. Adblock Plus ta Wladimir Palant ita ta yi tashe daga 2006, sannan uBlock ta Raymond Hill ta fito a 2014. A 2015 aka raba gari, Hill ya ci gaba da tasa da sunan uBlock Origin. Tun daga nan ake fara gane gwani: ya san sunayen nan biyu ba abu ɗaya ba ne, kuma daga shafin mai ita yake ɗauko fayil, ba daga hannun duk wanda ya turo masa ba.

Fayil ɗin da ake ɗorawa yana ƙarewa da .xpi. A ido baƙon abu ne, amma ƙunshin zip ne kawai aka sauya wa suna. Mai gyara zai kwafe shi, ya mayar da ƙarshen sunan .zip, ya zazzage. A ciki akwai manifest.json, takardar shaidar 'yar manhajar: sunanta, izinin da take nema, da mafi ƙarancin zubin da ta yarda ta zauna a kai. Sau da yawa saƙon “bai dace da wannan zubi ba” lamba ɗaya ce a layi ɗaya ta jawo shi. Sai ya gyara lambar, ya sake ƙunshewa. A nan sabon shiga ke faɗuwa: ya ƙunshe jakar gaba ɗaya, takardar shaidar ta nutse a ciki, Thunderbird ta ce fayil ya lalace. Gwani yakan shiga cikin jakar, ya zaɓi abubuwan da ke ciki, ya ƙunshe su, ta yadda manifest.json za ta zauna a sama. Daga nan sai ya buɗe sashen ƙare-ƙare, ya taɓa alamar giya, ya zaɓi ɗorawa daga fayil. Da a Firefox ne da ba a karɓa ba, domin tun 2016 take ƙin duk abin da ba shi da hatimin Mozilla, taɓa fayil kuwa karya hatimi ne. Thunderbird ba ta gindaya wannan sharaɗi ba.

Sai dai sauya lamba ba ya ƙirƙiro abin da babu. A Nuwamban 2017 Firefox 57 ta watsar da tsohon tsarin ƙare-ƙare, Thunderbird 78 ta yi haka a 2020, dabarun da aka saba da su da yawa suka mutu a lokacin. Sabon tsarin na Thunderbird ya ɗauki wani sashe na abin da Firefox ke bayarwa, ya bar wani. 'Yar manhaja tana iya hawa lafiya lau, alamarta ta fito, amma ba ta tsinana komai. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai kan fara duba ko akwai zubin da aka yi wa Thunderbird musamman, uBlock Origin kuwa tana da shi, kafin ya ɗauko wuƙa. In ya ɗora kuma ba ya cewa an gama sai ya buɗe kundin da ke nuna kowace buƙata da ta fita, ya ga jajayen layuka, shaidar cewa an toshe wani abu.

Ga kuma abin da ya fi komai muhimmanci, wanda masu uBlock Origin da kansu suka bayyana: a cikin Thunderbird ba ta taɓa wasiƙun imel. Labaran RSS, waɗanda ake yin rajistarsu kyauta daga jaridu su riƙa zuwa kamar wasiƙa, su take tacewa. Wanda bai san haka ba zai kwana yana kwancewa yana ɗaurawa, talla na nan daram.

A ce wani ɗan kasuwa mai fitar da riɗi da ƙaro ya shigo shago da laftof a hammata.

“Bashmuhandis, tallace-tallacen nan sun ishe ni, data kuma ba ta kwana. An ce akwai abin da ake sakawa.”

“Akwai, Alhaji. Amma zauna ka sha shayi, ka nuna mini inda kake ganin su tukuna.”

Tambayar nan ita ce rabin aikin, domin abin da Alhaji ya haɗa ya kira talla kashi huɗu ne, kowanne da maganinsa. Na farko, wanda kamfanin imel ke liƙawa a saman akwatin saƙo in an buɗe a burauza. Wannan ba wasiƙa ba ce, ado ne na shafin, don haka da an jawo wasiƙu zuwa Thunderbird ya ɓace ba tare da an saka komai ba. Na biyu, hotunan da ke cikin wasiƙa amma ajiyarsu na wata saba can nesa. A cikinsu ne ake ɓoye ɗigon leƙen asiri, hoto mai faɗin ɗigo ɗaya da ido ba ya gani, wanda saukarsa ke shaida wa mai aikowa cewa an buɗe wasiƙarsa, da ƙarfe nawa, daga wane adireshin intanet. Thunderbird tana zuwa da wannan ƙofa a rufe. Sau da yawa mai kwamfutar ne ya gaji da ganin gargaɗi ya buɗe wa kowa, sai mai gyara ya mayar da sakata, ya ware 'yan amintattu kaɗan. Na uku, wasiƙun banza su kansu, waɗanda maganinsu matacin da ke koyo: a yi ta nuna masa wannan shara ce, wannan ba shara ba ce, har ya gane. Na huɗu ne kawai, shafukan labarai na RSS, aikin uBlock Origin. Ko a nan ma akwai zaɓin a nuna taƙaitaccen labari maimakon a jawo shafin dungurungum.

Ke nan Alhaji na iya tashi da kwamfuta mai sauƙi ba a ɗora masa komai ba. Mai gyaran da zai iya faɗin haka, alhali da ya yi shiru ya ɗora wani abu da ya caji kuɗi, shi ne abin yabo.

In ofis ne mai kwamfutoci da yawa a kan layi ɗaya, akwai matakin da ya fi wannan zurfi. Kowace kwamfuta tana da ɗan fayil mai suna hosts, inda za a iya rubuta adireshin dillalin talla a karkatar da shi zuwa babu. Ko a kafa Pi-hole a 'yar ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, ta zama ita ke amsa tambayar “ina adireshi kaza yake?” ga duk ofis ɗin, ta yi gum in an tambayi na talla. Wannan yana kama Thunderbird da burauza da wayoyi a lokaci guda. Haɗarinsa shi ne wuce gona da iri: a toshe mahaɗin da banki ko kamfanin jiragen ruwa ke aikowa, a wayi gari takardar kaya ta ƙi buɗewa a Port Sudan ana jira. Don haka gwani yakan kwafe jakar bayanan mai kwamfuta kafin ya taɓa komai, ya riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ya koya wa mai ita yadda zai ɗage toshiyar ga shafi ɗaya. Wannan na ƙarshen yana da wani amfanin kuma: ƙananan jaridu da talla suke biyan ma'aikata, kuma mai karatu yana da damar ya bar wa wadda yake ƙauna ƙofarta a buɗe.

Yaƙi ya ɗaiɗaita tsakiyar Kartum, an wawashe kasuwanni, miliyoyin mutane sun watsu zuwa Port Sudan, Masar, Chadi da sauran wurare. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, jama'a suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu faifan Starlink don su karɓi taimakon 'yan'uwa ta Bankak, manhajar Bankin Kartum. A irin wannan layi da mutum goma sha ke rabawa, hoton talla ɗaya da ba a sauke ba sarari ne ga saƙon wani. Tun da sojojin gwamnati suka karɓe Kartum a Maris ɗin 2025 mutane ke komawa sannu a hankali, kuma duk ofis ko makarantar da za a sake buɗewa sai ta nemi mai tayar mata da tsofaffin kwamfutoci a kan layi mai rauni.

Masu koyon gyara a Kano da Zariya da Maradi, inda data ke da tsada layi kuma yake rawa, suna da abin ɗauka a nan. Manhajoji za su ci gaba da sauya tsari, dabarar bana ta mutu baɗi, kamar yadda aka gani a 2017 da 2020. Yaron da aka koya wa jerin maɓallan da zai danna zai tsaya cak ranar da aka sauya su. Wanda aka koya wa buɗe fayil, da karanta kundin buƙatu, da tambayar mai kaya inda abin yake damunsa kafin ya taɓa, zai ci abinci da sana'arsa ko wane zubi aka fito da shi.